Darasi na Goma Sha Biyu: Baƙo a Dutse Ranar Bikin 'Yancin Kai

Jama'a, darasinmu na yau a kan tafiya ne. Da yawa daga cikinku sun taɓa zuwa Dutse. Wani jinya ce ta kai shi, wani neman takarda a ofis, wani kuwa damina guda cur ya yi a can yana aikin gini ko dako. Akwai kuma yaran da akan tura gidan kawu ko gwaggo su yi dogon hutun makaranta. Amma in mutum ya komo ka tambaye shi, "Me ka gano?" sai ya ce, "Motoci da manyan gine-gine." Shi ke nan, labari ya ƙare. Wata uku a birni, labari bai kai na minti uku ba.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne, amma mabuɗi ba ya buɗe ƙofa sai an murɗa shi. Abin da ke murɗa shi kuwa abu biyu ne, tambaya da karatu. Saboda haka yau za mu zaga Dutse tare, mu ga abin da ya kamata baƙo ya duba, sa'an nan mu tsaya a kan ranar 1 ga Oktoba, mu san abin da ake yi wa biki.

Mene ne babban birni?

Babban birni shi ne garin da hukuma take zaune. Nijeriya tana da jihohi 36, kowace da babban birninta, sa'an nan ga Abuja, babban birnin ƙasa duka. Dutse ce babban birnin Jihar Jigawa. Jihar tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar, watau Haɗeja da Kazaure da Gumel da Ringim da Dutse.

Ba haka abin yake tun asali ba. A shekarar 1960 Dutse gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano, babban birnin Arewa kuwa Kaduna ne, na ƙasa duka Ikko, watau Legas. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, sai muka zama mutanen Jihar Kano. Ran 27 ga Agusta 1991 Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jigawa daga Kano, ya sa Dutse ta zama mazaunin gwamnati. A ƙarshen wannan shekara kuma, ran 12 ga Disamba, gwamnatin tarayya ta tashi daga Ikko ta koma Abuja.

Ku duba wannan da kyau. In kakanka yana son ganin inda ake mulkinsa, sai ya nufi Kaduna. Mahaifinka sai ya je Kano. Kai kuwa in ka fito Kiyawa ko Jahun ko Buji da safe, kana iya zuwa Dutse ka komo ka kwana gidanka. Hukuma ta matso kusa da kai. Abin da ya rage shi ne kai ma ka matsa kusa da ita, ka san ƙofofinta.

Ka fara daga Garu

Wanda ya je gari bai ga tsohon gari ba, kamar wanda ya shiga gida ne bai gai da maigida ba. Tsohuwar Dutse ita ce Garu, can cikin duwatsu, inda fadar sarki take. Daga waɗannan duwatsu garin ya sami sunansa. Mutanen dā ba su zauna nan a banza ba. A zamanin yaƙe-yaƙe dutse garkuwa ne, mahayin doki ba ya iya hawansa da sukuwa, wanda ke bisa kuma yana hango ƙurar maƙiyi tun daga nesa.

Tsofaffi suna kiran garin Dutse Gadawur. Labarin baka ya ce wani maharbi ne mai suna Duna Magu ya fara zama a wurin, saboda yawan namun dajin da ya tarar. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya kuma auri 'yar Sarkin Dutse. Ashe garin ya haura shekara ɗari biyar da sarautarsa. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wajen 1807, mulki ya koma hannun Fulani, a ƙarƙashin shugabanni biyu, Salihi da Musa. A zamaninmu Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya yi sarauta daga 1995 har rasuwarsa a 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai: Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram.

In ka isa ƙofar fada, ka yi sallama ga dogarai, ka gaya musu kai baƙo ne ka zo kallo. Su za su nuna maka inda ake shiga da inda ba a shiga. In kana da sauran ƙarfi, ka nemi ɗan gari ya raka ka ku hau ɗaya daga cikin duwatsun da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Daga can za ka ga tsohon gari da sabo a lokaci guda. Za ka ga kuma itatuwan dabino, gama ƙasar Dutse ta yi suna wajen dabino, har gwamnatin tarayya tana da tashar binciken dabino a nan. Manomi mai hankali ba zai wuce wannan ba tare da ya tambayi yadda ake dasa shi da yadda ake yi masa barbara ba.

Sabon gari da allunansa

Daga Garu sai ka gangaro sabon gari. Yawancin manyan gine-ginen da za ka gani a nan bayan 1991 aka yi su. Ga gidan gwamnati, inda gwamna yake zaune. Ga sakatariya, inda ma'aikatun gona da lafiya da ilimi da ruwa suke. Ga majalisar dokoki, inda wakilai 30 suke zama, ɗaya daga cikinsu kuwa na mazaɓarku ne. Ga babban asibiti mai sunan Rasheed Shekoni, wanda ya taɓa riƙe jihar a zamanin mulkin soja. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011. A bayan gari kuma ga filin jirgin sama, wanda aka buɗe a 2014, inda maniyyata suke tashi zuwa aikin hajji.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da allo a ƙofarsa, kowane babban titi kuma yana da suna a rubuce. A nan ne karatunka zai yi maka rana. Wani zai ce, "Ai Malam, da Turanci aka rubuta." Haka ne, da yawa da Turanci suke. Amma baƙaƙen da kuke koya a aji su ne dai baƙaƙen da ke kan allon. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali zai karanta Kiyawa, zai karanta Garu, zai karanta Kano da Haɗeja, ko da sauran kalmomin sun gagare shi. Lambobi kuwa ba su da yare. Lambar ɗaki a asibiti, lambar mota, kuɗin da aka rubuta a rasit, ranar da likita ya ce ka komo, duk iri ɗaya suke da waɗanda ke cikin littafinka na lissafi.

An ce baƙo ko da ido makaho ne. Baƙon da bai iya karatu ba kuwa, makantarsa biyu ce. Yakan wuce ofishin da yake nema sau uku bai sani ba. Yakan biya wani kuɗi ya cika masa takardar da ba a sayarwa. Yakan dangwala yatsa a kan abin da bai san mene ne a ciki ba. Mai karatu kuwa ko ya ɓata, yana da abin da zai kama ya komo hanya. Saboda haka ka tafi da fensir da ɗan littafi a aljihu. Duk allon da ka gani ka kwafe shi baƙi-baƙi. Abin da ba ka gane ba ka kawo aji mu warware tare.

Ranar 1 ga Oktoba

Ranar 1 ga Oktoba tana zuwa a lokaci mai kyau ga manomi. Ruwa ya fara ɗaukewa, an yanke gero, dawa kuma ba ta isa ba tukuna. Mutum yana iya samun kwana ɗaya ko biyu ya je kallo. Wanda kuma damina ta riske shi a birni, kada ya yi gaggawar komawa gida ana saura kwana biyu biki.

A ranar ofisoshin gwamnati da bankuna da makarantu duk a rufe suke. In ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi, hukuma takan ba da hutu ran Litinin. Kada fa ka ɗauko takarda ka zo neman sa hannu a wannan rana, za ka yi asarar kuɗin mota. Da safe shugaban ƙasa yakan yi jawabi, gidajen rediyo kuma sukan fassara shi da Hausa. Wata shekara akan yi fareti, 'yan sanda da 'yan makaranta su yi maci gwamna yana karɓar gaisuwa. Wata shekara kuwa hukuma takan taƙaita biki, a tsaya ga addu'a a masallatai da coci-coci. Ka saurari rediyo tun ana gobe, ka ji abin da aka shirya da inda za a yi.

Babban filin taro na Dutse shi ne Dandalin Malam Aminu Kano. Ko ba a yi fareti ba, ka je ka gan shi, ka kuma san mai sunan. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne wanda ya bar koyarwa ya shiga siyasa, ya yi ta fafutukar talaka ya san haƙƙinsa, mata kuma su sami ilimi da ƙuri'a. Ya rasu a 1983.

To, mene ne ake yi wa biki? Ga labarin a taƙaice. A watan Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka ci Kano da yaƙi, ran 15 ga Maris kuma suka ci Sakkwato. Daga nan ƙasarmu ta shiga hannun Turawa. Sarakuna suna nan a kan gadonsu, amma Razdan da Di'o ke da magana ta ƙarshe. Ran 1 ga Janairu 1914 Gwamna Lugga ya haɗa Arewa da Kudu suka zama ƙasa ɗaya. Bayan yaƙin duniya na biyu 'yan ƙasa suka matsa da neman a ba su mulkin kansu. Aka yi ta taro, a nan gida da kuma London. Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello yana Firimiya. Ku lura da ranar, daidai take da ranar da aka ci Sakkwato, shekara 56 tsakani.

Sa'an nan da tsakar daren 30 ga Satumba 1960, a filin sukuwa na Ikko, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya. Da gari ya waye, ran Asabar 1 ga Oktoba, Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniya Elizabeth, ta miƙa takardun mulki ga Firayim Minista, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi ma malamin makaranta ne daga Bauchi. Yau filin nan sunansa yake ɗauke da shi. Bayan shekara uku, ran 1 ga Oktoba 1963, Nijeriya ta zama jamhuriya, Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu da wata biyu, gama su ran 3 ga Agusta 1960 suka sami nasu daga Faransa.

Ba a sami kome da kome a rana ɗaya ba. A zaɓen 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa. Sai a 1979 matanmu suka yi zaɓen tarayya tare da maza. An yi juyin mulki a 1966, inda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. An yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Soja sun yi shekaru masu yawa suna mulki, sai a 1999 aka komo ga mulkin farar hula da muke ciki. Wanda ya san wannan tarihi ya san zaman lafiya ba araha aka same shi ba.

Tuta da tambari da kuɗi

A ranar biki za ka ga tuta ko'ina. Kore ce a gefe biyu, fari a tsakiya. Wani ɗalibi mai suna Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta a 1959, lokacin yana karatu a London. Koren yana nufin noma da albarkar ƙasa, farin kuma zaman lafiya. Manomi, kashi biyu cikin uku na tutar nan aikinka ne. Amma duba inda aka sa farin, a tsakiya. In babu zaman lafiya, ba mai zuwa gona.

A ƙofar ofisoshi za ka ga tambarin ƙasa. Akwai garkuwa baƙa, farin doki a kowane gefe, jar mikiya a bisa. A jikin garkuwar akwai alama fara mai kama da harafin Y. Wannan kogin Kwara ne da kogin Binuwai, inda suka haɗu a Lakwaja. Za ka kuma ji taken ƙasa. Wanda ake yi yanzu shi ne na 1960. An bar shi a 1978, aka komo da shi a 2024. In an fara shi sai kowa ya miƙe tsaye ya yi shiru har a gama.

Akwai kuma littafin tarihi a cikin aljihunka. Fito da kuɗinka ka duba. An fara kashe naira da kwabo ran 1 ga Janairu 1973, kafin nan fam da sule ake yi. A kan naira 200 hoton Sardauna ne, a bayanta kuma ga shanu da dalar buhuna. A kan naira 500 Azikiwe ne. A kan naira 100 Cif Obafemi Awolowo ne, wanda ya yi Firimiyan Yamma. A kan naira 20 Janar Murtala Muhammad ne, wanda gwamnatinsa ta yanke shawarar gina Abuja a 1976. Tafawa Ɓalewa yana kan naira 5, ko da yake ta yi wuyar gani yanzu. A kan naira 200 da 500 da 1000 an rubuta adadin da ajami. A kan ƙananan takardu kuwa an rubuta shi da Hausar boko, wadda kai ma yanzu kana iya karantawa.

Ladabin baƙo a wurin taro

Wurin taro wurin murna ne, amma ɓarayi ma suna zuwa biki. Ka raba kuɗinka gida biyu, na mota ka ɗaure shi dabam. In ka zo da yaro ka riƙe hannunsa, ka rubuta sunansa da sunan garinku da lambar waya a takarda ka sa masa a aljihu. Ka tsaya inda 'yan sanda suka ce a tsaya, kada ka ƙetare igiya. In ka ga an fara ture-ture ko gardamar siyasa, ka ja jikinka. Ka sha ruwa mai tsabta, ka guji abincin da ƙuda ya sauka a kai. Kafin ka hau babur ko Keke ka yi ciniki. In ka rasa hanya ka tambayi dattijo ko mai shago, gama matambayi ba ya ɓata.

Wanda yake da sauran kwana da guzuri, sai ya ƙarasa Birnin Kudu. A can akwai duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen dā suka zana hotunan shanu a jikin dutse. Akwai kuma duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su. Hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa ce ke kula da su. Ka duba da ido, kada ka kankare, kada ka rubuta sunanka a kai.

Tsarabar da za ka kawo

Kowane matafiyi yakan kawo tsaraba. Ka sayo wa yara dabino, ba laifi. Amma dabino kwana ɗaya zai yi ya ƙare. Tsaraba mai daɗewa ita ce abin da ka rubuto a littafinka.

Ka tuna, gine-ginen nan da ka gani da kuɗin jama'a aka yi su, kai ma kana cikin jama'a. Kafin 1960 in mulki ya ɓaci muna iya cewa laifin Bature ne. Yau mu ke zaɓen masu mulki. Ma'anar 'yancin kai ke nan, kaya ya sauka daga kan wani ya hau kanmu. In rijiyar garinku ta lalace, akwai ofishin da ke da alhakinta. In makarantarku ba malami, akwai wanda za a rubuta wa. Wakilinku yana da kujera a majalisar da ka wuce ta ƙofarta. Mutanen da suka san sunan ofis, suka iya rubuta takarda, suka sa hannu da kansu, ana jin kukansu fiye da waɗanda suka zauna gindin bishiya suna gunaguni. Saboda haka kada ka yi fashin aji. Ka kuma bar matarka da 'yarka su je nasu, gama ƙuri'arsu ɗaya take da taka.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa Jihar Jigawa, daga wace jiha kuma aka yanke ta?
2. Me ya sa mutanen dā suka zauna cikin duwatsu a Garu?
3. Faɗi ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse.
4. Me ya faru a Ikko da tsakar daren 30 ga Satumba 1960?
5. Mene ne ma'anar kore da fari a tutar Nijeriya?
6. Daga 1914 zuwa 1960 shekara nawa ne? Daga 1960 zuwa 1991 fa?

Aikin gida

Kowa ya kwafo alluna uku da ya gani a hanya ko a kasuwa. Sa'an nan ya rubuta wasiƙa ta layi biyar zuwa ga ɗan'uwansa, ya gaya masa abu ɗaya da ya kamata ya duba in ya je Dutse. A kawo ran aji mai zuwa, kowa zai karanta tasa da bakinsa.